Uwar da Anka Rubuta

Wannan babi na daɗe ina kewaya shi, kamar saniyar da ta iske rijiyar da ba ta sani ba. Na rubuta muku haihuwata a ruga, na rubuta yadda na baro shanu na auri kakanku Arzika, Bakurfe manomi, a ƙauyenmu da ke tsakanin Tabla da Filinge. Yanzu ba sauran inda zan ɓuya. Na san abin da ake faɗa muku a wuraren biki, wai ni ce na kashe wa uwarku aikin shari'a da bakina. Mai faɗin haka ba ƙarya ya yi duka ba. Amma ba ya cikin ɗakin ranar, ni kuwa ina ciki.

Ku ƴan yanzu kuna kiran ɗanku na fari da sunansa, har ku ɗaga shi sama kuna yi masa wasa gaban surukai. A zamaninmu ba a haka, Fulani da Hausawa duka. Uwarku ita ce ɗiyata ta fari. Ban kira sunanta ba, ban goya ta gaban mutane ba, in tana kuka ana kallo sai in kau da kai har wata ta ɗauke ta. Ba rashin so ba ne, kunya ce, kuma da ita ake auna ko mace ta samu tarbiyya. Da anka yaye ta sai Hajo, yayar kakanku, wadda haihuwa ba ta tsaya mata ba, ta zo ta goya ta, ta wuce da ita ɗakinta. Zana ɗaya ce tsakaninmu. Ta tashi tana ce wa Hajo Inna, ni tana ce mini Adda, kamar wata yayarta. Fillanci kuwa a bakina ta tsince shi, lokacin da nake yi mata kitso ba kowa kusa.

Ana saura kaɗan a sauke tutar Nasara, mushen lakwal, wato malamin makarantar boko, ya zo ƙauyenmu da gardi, dogarin gwamnati, suna neman yara. A lokacin ba wanda ke son a ɗauki ɗansa. Maigari bai taɓa nuna gidansa ko gidan abokansa ba, gidan wanda ba shi da baya ake nunawa. Sai ya ce a kawo ɗiyar Arzika, ta wajen Bafillatar nan. Anka tara mu gindin babban gawon da ke bakin gari, dattawa na zaune bisa tabarmi, surukina na cikinsu, da wani malami mai yawan jan carbi da ake ce wa Malam Gado. Mai takarda ya tambayi sunan uba, anka faɗa. Ya ɗaga kai ya ce ina uwar. Ni ina tsaye, idon surukina na kaina. Na duƙar da kai, na ja mayafina. Hajo ta ce, "Ga ni." Ya rubuta Hajo. Maigari ya ji, Malam Gado ya ji, gari duka ya ji, ba wanda ya ce uffan, don abin da ya kamata ke nan. Har wata tsohuwa ta yaba mini da maraice, ta ce Bafillatar Arzika akwai kunya. Daga wannan rubutu ne duk takardunta sunka fito, ta haihuwa, ta lakwal, ta aiki. Ban san takarda na da tsawon rai haka ba.

Karatunta ba sai na ja muku ba. Ta yi Filinge, ta yi Yamai, ta komo da aikin da ba mu taɓa jin mace na yi ba a ƙasar Kurfai: mai rubutun shari'a, wadda ke zama ƙasan teburin alƙali tana ɗaukar duk abin da anka faɗa. Ba zan faɗi sunan garin da gidan shari'ar yake ba, jikokin mutanen suna nan da rai. Tafiyar rabin yini ce daga gidanmu. Tunda budurwa ba ta zama ita kaɗai, Hajo ta bi ta, sunka kama ɗaki biyu bayan kasuwa. Ni kuma nakan je ranar kasuwa, in kwana, in komo.

Watannin farko mutane zuwa suke yi kallo kawai, su tsaya bakin tagar biro, wato ofishinsu, su ga mace na buga mashin. Wasu maza sunka ce ba su rantsuwa gaban mace. Alƙalin yaro ne daga gabas, mai sanyin hali, ba ya son hayaniya, sai ya ce ta juya musu baya har su gama rantsuwar, ta juya. Akwai tafinta, Tanko, dattijo mai ƙiba da ya yi aiki tun zamanin Nasara, wanda duk mai ƙara ke fara gaida shi kafin ya shiga. Shi ne ya raɗa mata Madamasal Mashin. Yakan aike ta ɗebo masa ruwa gaban mutane. Ta ɗebo sau ɗaya don girman furfura, na biyu ta ce hannunta da tawada. Duk da haka makullin akwatin ƙarfe na takardu a wuyanta yake, don ba wanda ya kai ta tsabtar rubutu. In ta komo gida takan cire shi ta sa ƙarƙashin matashi. Hajo na alfahari da makullin nan fiye da yadda take alfahari da ƴan kunnenta.

Sai fari ya zo. Shekarar farko mun ce jarrabawa ce, ta biyu munka daina cewa komi. Hatsi ya tsaya iya gwiwa ya bushe. Munka koma cin anza, ƴaƴan wani itacen daji, a jiƙa ta kwana da kwanaki ana sauya ruwa don ɗacin ya fita. Hanyar Baleyara ta cika da mushen shanu, har ungulu sunka ƙoshi sunka bar saura. Makiyaya sunka gangaro fadama tun kafin lokacinsu, kuma duk inda ruwa ya rage nan rigima take.

Akwai wata rijiya mai zurfi a fadamar, wadda kakannin manoma da kakannin makiyaya sunka haƙa tare. Ƙa'idarta kowa ya sani: mata su ɗiba da safe, garke ya sha daga hantsi zuwa azahar. A shekarar nan wani Alhaji mai gona kusa ya kewaye ta da ƙaya, ya ce cikin gonarsa take. Wanda ya kai ƙara Sambo ne, ɗan kawuna, da tsofaffin rugarsu. Ranar da uwarku ta ga sunan a takarda, ta shiga wurin alƙali ta ce masa mutanen nan dangin uwarta ne, ko za a samu wani ya rubuta. Su biyu ne kawai a ɗakin. Ya ce mata in ta tashi wa zai rubuta, ta zauna ta yi aikinta. Ta zauna. Ba ta ce ya rubuta mata wannan maganar ba. Ita da ke rubuta maganar kowa.

Ranar zaman ba ni nan, daga bakinta da bakin Hajo na ji. Wani tsoho cikin makiyayan ya tashi ya yi magana mai tsawo da Fillanci. Ya faɗi waɗanda sunka haƙa rijiyar, ya faɗi bijimin da anka yanka ranar da ruwa ya fito, ya kira sunan tsofaffi uku na manoma da za su iya shaida. Tanko, wanda Fillancinsa bai wuce na cinikin nono ba, ya juya ya ce wa alƙali wai tsohon ya ce sun saba shayarwa a wurin. Uwarku ta tsaida mashin. Ta ce da Faransanci, a hankali, tsohon ya faɗi fiye da haka, kuma ya kira shaidu uku. Tanko ya dube ta, ya yi dariya har tumbinsa na rawa.

"Ashe muna da Bafillata a biro, ba mu sani ba. Madamasal, ina kika baro ƙwaryar nonon?"

Mutane sunka yi dariya. Alƙali ya ɗage zaman.

Daga ranar abubuwa sunka fara sauyawa, ba da ƙarfi ba, kamar yadda gara ke cin rumbu. Anka ce ta kawo makulli za a yi masa na biyu, bai komo wuyanta ba. Anka ba wani magatakarda da ke ƙasa da ita rubutun zaman rijiya, ita anka ba ta manna tambur, kan sarkin da ake liƙa wa takardu. In ta shiga ɗaki magana sai ta mutu. In ta fita bayan gida, ta komo ta iske an taɓa takardunta. Wanda ya saba ce mata sannu da aiki ya koma gaida bango. Ba wanda ya ce mata ta yi laifi, da an ce da ta samu abin amsawa.

Ni ma a nan na koyi kallon mutane ta wutsiyar ido, abin da ba halina ba. Akwai wata maƙwabciyarsu, Ta-Allah, da ba ta taɓa rasa abin aro ranar da na zo ba. Yau rariya, wani mako garwashi, wani mako allura. Takan tsaya tana kallon kitsona da zoben kunnena, ta ce wa Hajo, baƙuwar nan taku mai zumunci ce, mi take gare ku? Hajo ta ce matar ƙanenta ce. Ta-Allah ta ce to, Allah sarki, ga ta kuwa sak Madamasal wajen hanci. Da ta fita sai in bi ta da kallo, ban san dalili ba. A kasuwa na fara ganin kamar mutum ɗaya ne ke bayana daga rumfar gishiri har bakin lungu. Ko shi ne ko ba shi ba, Allah ya sani. A gida kuma ƙanen kakanku, wanda ke yi wa Alhajin nan noma, ya samu buhun jar dawar taimako lokacin da sunanmu bai ko fito ba. Na dubi buhun, na dubi fuskarsa, na ce astagfirullah, na shiga ɗaki. Yunwa na sa zato, zato kuma ya fi yunwa cin mutum.

Kada ku ce dangina sun fi. Sambo ya tare ni a hanyar kasuwa, ya rame har na kusa rashin gane shi. Ya ce in gaya wa ɗiyar nan ta duba musu abin da alƙali ke shirin yi, ko ta sa musu baki. Na ce ban taɓa tambayar ta aikinta ba, ba zan fara yau ba. Ya tofar da yawu gefe, ya ce dama an ce wanda ya sha ruwan lakwal ba ya gane maraƙin saniyar gidansu, ta zama ta Haɓe. Ga shi nan. A biro Bafillata ce, a ruga Bahaushiya, ita kuwa tana zaune tana manna tambur.

Bayan wata biyu gardi ya zo ƙauyenmu da takardar kira, da sunana. An aika wasiƙa Yamai, ba sa hannu. Wasiƙar ta ce abu biyu. Na ɗaya, mai rubutun shari'a ta shiga aikin gwamnati da takardar ƙarya, ta sa sunan wata Bahaushiya a matsayin uwa don ta ɓoye asalinta. Na biyu, tana fitar da asirin shari'a zuwa ga makiyaya ta hannun wata Bafillata da ke zuwa mata ranar kasuwa. An turo babban mutum ya bincika, kuma ni ce Bafillatar.

Kwana biyu kafin ranar, Hajo da uwarku sunka zo gida. Munka zauna da hantsi a inuwar rumbu, rumbun da ba ko zangarniya a cikinsa. Kakanku ya ce maganar mai sauƙi ce. Takarda ta ce Hajo, to Hajo ce. In ce ni matar ƙanen uwarta ce, na koya mata Fillanci tana ƙarama, shi ke nan. Ya ce shekara ashirin ina shiru, shirun yini ɗaya ba zai kashe ni ba, kuma albashin yarinyar nan ne ya hana mu bin sahun masu gudun yunwa. Hajo ta fi shi zafi.

"Ni na wanke kashinta, ni na kwana da ita lokacin ƙyanda. A kawo Alƙur'ani in dafa. Wa zai ce ba ni ce uwarta ba?"

Na ce Yaya Hajo, ba za su tambayi wa ya riƙe ba, za su tambayi wa ya haifa. Ta ce to in sun tambaya sai ki yi abin da kika saba, ki duƙar da kai.

Uwarku na zaune gefe tana zane a ƙasa da tsinke. Ban iya tambayar ta kai tsaye ba, don ba mu saba ba. Sai na ce wa Hajo ta tambayi mai aikin, mi take so. Ba ta jira Hajo ba, ta dube ni, abin da ba ta cika yi ba.

"Adda, ban ce ki faɗa ba, ban ce ki ɓoye ba. Ni dai na gaji da ganin ana rubuta wa mutum abin da bai ce ba."

Kakanku ya ce wannan ba amsa ba ce. Ni kuwa na ji amsa ce, sai dai ban san ko na ji ta daidai ba. Har yau nakan juya maganar.

Ranar da safe anka shigar da ni. Uwarku anka ce ta tsaya waje a baranda. Babban mutumin na Yamai na zaune wurin alƙali, da farin tabarau, alƙalin kuma na gefe kamar baƙo a ɗakinsa. Akwai dattawa biyu da gwamnati ke zaunarwa don su faɗa wa alƙali al'adar ƙasa in ta taso. Ɗaya daga cikinsu Malam Gado ne, na gindin gawo, ya tsufa amma carbin na nan. Da na gan shi sai na ji sanyi, na ce ga wanda ya sani. Babban mutumin Zabarmanci da Faransanci yake ji, Hausarsa ta gaisuwa ce. Don haka wanda anka tsayar tsakanina da shi Tanko ne.

Anka tambayi sunana da garinmu. Anka ce mai rubutun gidan nan mi take gare ni. Bakina ya riga ni, na ce ta Hajo ce. Na ga gefen bakin Tanko ya motsa. Babban mutumin ya yi magana, Tanko ya juyo.

"An ce ba wadda ta riƙe ake tambaya ba. Wa ya haife ta? Ki faɗi sunan yarinyar, ki faɗi sunan uwar."

Na ji kukan jaki daga kasuwa. Na tuna albashin, na tuna Hajo da ke zaune waje bisa dakali. Na san in na duƙar da kai za a rubuta Hajo, a sallame ni. Amma na san Ta-Allah ta ga hancin, maigari na da rai, wanda ya aika wasiƙa ɗaya kuma bai rasa takardar ta biyu ba. Yarinyar nan za ta ƙare rayuwarta tana jin tsoron duk wanda ya dubi fuskarta ya dubi tawa. Kuma gaskiyar da zan faɗa muku ita ce, ban iya ba. Kunya ta hana ni cewa tawa ce, amma ba ta taɓa sa ni cewa ba tawa ba ce. Waɗannan biyun ba ɗaya ba ne.

"Ramatu sunanta. Ni na haife ta."

Ran nan na fara jin sunan a bakina. Ya yi mini nauyi kamar na ɗauki turmi.

Tunda na riga na tsallaka, sai na faɗi duka. Ni da ba ni da yawan magana, na yi magana tsawon da za a tuƙa tuwo a kwashe. Na faɗi kunyar ɗan fari, na faɗi yaye, na faɗi gawo da mushe da abin da Hajo ta ce, na ce yarinya ƴar shekara bakwai ba ta san ana rubuta mata uwa ba balle ta ɓoye wata. Na ce ban taɓa ɗaukar maganar shari'a na kai ruga ba, a kira Sambo a tambaye shi abin da na ce masa. Tanko na juyawa, amma kowace doguwar magana tawa in ta shiga bakinsa sai ta fito guntuwa. Sai na juya wajen dattawan.

"Malam, kana gindin gawon nan. Ka gaya masa haka ake yi."

Malam Gado ya dubi carbinsa, ya ja ƙwaya biyu, ya ce shekaru sun yi nisa, Allah ne masani. Na biyun bai ko ɗaga kai ba. Ba namiji ɗaya a ɗakin nan da uwarsa ba ta yi kunyar ɗan fari ba. Tanko kansa ɗan fari ne a wurin uwarsa, Hajo ta gaya mini daga baya, kakarsa ta riƙe shi. Aikin da gwamnati ta zaunar da dattawan don shi ke nan, su ce wannan al'ada ce. Ba wanda ya ce.

Anka tambayi alƙali ko gaskiya ne uwarku ta gaya masa makiyayan danginta ne. Ya shafa goshi, ya yi magana ƙasa-ƙasa. Daga baya na ji abin da ya ce, wai bai tuna ba, aiki ya yi yawa. Kafin a sallame ni na ce ina da tambaya ɗaya. Na ce tunda ana bin dangi, ko an tambayi ɗiyar wa ke auren Alhajin mai ƙaya, don gari duka ya san ɗiyar tafinta ce. Tanko bai ko ƙifta ido ba. Ya juya ya faɗi kalma uku ko huɗu, babban mutumin ya rufe littafinsa. Anka kama babban yatsana anka dangwala tawada, anka danna ƙasan takarda.

Da na fito Hajo ta riga ta ji ta taga. Ba ta yi faɗa ba, da ta yi da ya fi mini. Ta tashi ta kakkaɓe zanenta, ta ce, "To, yau kin karɓi abarki." Ta yi gaba. Ta komo ƙauye, mun ƙara shekara goma sha wani abu a gida ɗaya da ita, muna gaisawa, muna cin tuwo ƙwarya ɗaya, amma ba ta sake shiga ɗakina ba har ta rasu. Wannan ba wanda ya gaya muku shi a wurin biki.

Ba a kori uwarku ba. Babban mutumin ya kwana uku yana bin rubutunta bai samu harafi ɗaya da ya karkace ba. Amma anka ce don hankalin jama'a ya kwanta, a ɗauke ta daga ɗakin shari'a. Anka tura ta can gabas mai nisa, wani biro da ake ajiyar tsofaffin takardu. Sunanta da ke cikin waɗanda za su yi jarrabawar hawa sama, hanyar da wata rana za ta kai mutum kujerar alƙali, anka cire shi har sai an gyara takardar haihuwa. Gyaran ya ci shekara shida, lokacin shekarunta sun wuce. Magatakardan da ke ƙasa da ita shi ya tafi jarrabawar. Rijiya ta zauna cikin ƙaya, shanun Sambo sunka ƙare, ya yi kudu da sanda kawai. Kakanku bai yi mini magana ba sai da ruwan farko ya sauka.

An daɗe, bayan an haife ku manyan, an maido ta Yamai, nan ma ajiyar takardu. Wata rana ta zo gida hutu, muna zaune ina tsinkar zogale, ta ce mini ta ci karo da dosiyenta, fayil ɗin takardun bincikenta, cikin waɗanda anka kawo ajiya, ta karanta. Na ce da wasiƙar? Ta ce da ita. Ta ce rubutun na masu rubuta wa mutane wasiƙa ne a bakin kasuwa, ba a gane komi daga shi. Amma wanda ya ba da labarin ya san ranar da anka yaye ta, ya san da baƙin zane mai ratsin fari Hajo ta goya ta. Mu shida ne a tsakar gida ranar yayen. Na ƙirga su da yatsu ƙarƙashin zanena, na sake ƙirgawa, na kai kan mutum biyu na tsaya. Dukansu sun rasu yanzu, na je gaisuwarsu, na yi musu addu'a, kuma ba zan rubuta muku sunan da ban tabbata ba.

Sai na tambaye ta takardar da na dangwala wa yatsa, mi ta ce. Ta ɗauki zogalen tana taya ni. Ta ce layi uku ne. Matar ta amsa cewa ita ce uwar. Ta amsa cewa an rubuta sunan wata a madadinta. Ba ta da abin ƙarawa.

Na ce gawon fa? Ta ce babu. Na ce Sambo? Ta ce babu. Na ce tambayar da na yi? Ta girgiza kai.

A ranin shekarar anka buɗe ajin yaƙi da jahilci a rumfar maigari. Ina da jikoki, gashina ya fara fari, mata na dariya wai Bafillatar Arzika za ta zama alƙali. Na sayi allo da alli na zauna layin gaba. Shekara uku na yi kafin rubutuna ya daidaita. Abin da kunka karanta yanzu shi ne abin da na faɗa a ɗakin nan, duka, ba tafinta tsakaninmu. In kun gama, wanda ya ga na yi kuskure ya zo ya gaya mini da bakinsa, ina nan inuwar rumbu.